Tun Ranar Da Yarinya Ta Ɓace A Wurin Wasa Ya Rantse Ba Zai Ƙara Fita Da Mu Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Unguwar Dosa nan Kaduna. 'Ya'yana uku: namiji ɗan shekara 7, mace 'yar shekara 4, sai auta mai wata 18. A ƙaramar sallar da ta wuce na matsa wa maigidana ya kai mu wani wurin wasan yara washegarin sallah. Muka tarar da cunkoso, ya kashe kuɗi sosai, auta tana ta kuka. Ana cikin haka ta tsakiyar ta ɓace mana kusan minti 20, sai wata baiwar Allah ce ta kawo ta. A mota bai ce min uffan ba. Da muka iso gida ya rantse da Allah ba zai ƙara fita da mu yawo ba. Hajiyarsa ma ta ce dama yawon banza ne, su da suka yi nasu renon ba su san wani wurin shaƙatawa ba. Yau wata bakwai ke nan, daga boko sai Islamiyya sai gida. Gidan haya ne, tsakar gidan ba fili, yara sai faɗa da kallon waya. Ina ganin ƙawayena suna ɗora hotuna a WhatsApp, raina ya yi ta ɓaci. Na yi masa magana sau biyu, ya ce ba kuɗi. Rowa ce, ko bai damu da mu ba ne? Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya raya miki zuri'a, Ya saka wa matar nan da ta kawo miki 'yarki da alheri.

Ba rowa ba ce. Na bi wasiƙarki har ƙarshe ina neman inda marowaci zai ɓullo, ban gan shi ba. Marowaci ba ya shiru a mota. Tun daga bakin ƙofar wurin zai fara miki lissafi, nawa aka ba mai tikiti, nawa lilo ya ci, nawa ne askirim ɗin da aka zubar a ƙasa, ya yi ta yi har ku iso gida, gobe ma da shi zai tashi. Naki ya riƙe sitiyari ya yi gum, da ya buɗe baki kuma rantsuwa ce ta fito. Wannan bawan Allah tsorata ya yi. Ki tuna a wane gari muke. Da wuya ki samu magidanci a Kaduna cikin shekarun nan da bai ji labarin ɗauke yaro ba, ko a unguwarsu, ko a wurin aiki, ko a masallaci ana neman taimakon kuɗin fansa. Minti 20 ɗin da kika yi kina kuka kina ƙwala mata kira, shi ya yi su ne yana tunanin abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa da mahaifinki, yana jiran wayar da za a bugo a ce ya kawo kaza. Ke kin yi kukanki a wurin, kin rage nauyi. Shi bai samu ya yi ba, don a kan namiji ba ya cewa ya ji tsoro aka rene shi. Abin da aka bar masa ya faɗa shi ne "ba kuɗi", shi ya sa duk sanda kika tayar da zancen ita yake miƙo miki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Ina kuma kyautata zaton har yau ba ku zauna kun yi maganar minti 20 ɗin nan ba. Kowa yana riƙe da tambaya ɗaya a cikinsa: a hannun wa take? Ke kina ganin ai kina fama da goyo, shi ya kamata ya sa ido. Shi yana ganin ai yana kan layin tikiti, ke ce uwa. Ba a hannun kowa take ba, kuma sau da yawa haka ɓatan yaro a taro yake zuwa, manya biyu ko uku suna tsaye, kowa ya ɗauka ɗayan ne ke kallo.

To daga nan za ki fara, kafin ki sake ambaton fita. Ki nemi daren da ya ci abinci ya natsu, yara sun yi barci, ki ce masa, "Abban yara, ni fa har yanzu in na tuna ranar nan gabana faɗuwa yake yi. Na san kai ma ka ji abin da ka ji." Ki tsaya nan. Kada ki ɗora "amma" a kai, kada ki nemi komai a wannan daren. Ko ya amsa ko ya yi shiru, ya dai ji cewa ba ki ɗauki abin da wasa ba. Abin da ya fi damunsa da maganar da kika yi sau biyu, a ganina, shi ne yadda kika dawo da zancen yawo kamar ba abin da ya faru.

Ita rantsuwar ma kada ki raina ta. Mai yiwuwa ya huce tuni, amma yana ganin ya riga ya ɗaure kansa. Addini bai bar shi a ɗaure ba. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya rantse a kan wani abu, daga baya ya ga waninsa ya fi alheri, to ya aikata wanda ya fi alherin, ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida aya ta 89: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Sai dai kada ke ki zama mai karanto masa. Magidanci ba ya son matarsa ta zo masa da aya a kan abin da yake ganin shi ke da gaskiya. In zancen ya kai nan, ki ce ya tambayi limamin masallacinsu ko malamin da yake jin maganarsa.

Batun kuɗi kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, mai mota da lita yake auna kowace fita. Saboda haka fitar farko da za ki nema kada ta zama mai kuɗin ƙofa da na kowane lilo daban, abin motsa baki kuma daga kicin ɗinki zai fito.

Yanzu bari in juyo kanki, don ke ma kina da kasonki. A duk shekara ban san ranar da ta fi washegarin sallah rashin dacewa da kai ƙananan yara wurin wasa ba. Duk gari ya fito, daga Rigasa har Kawo, ga baƙin da suka zo sallah daga ƙauye, ga 'yanmata da samari ayari-ayari. A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah a Maris ko Afrilu take faɗowa, tsakiyar bazara, lokacin da rana ke dukan ƙwaƙwalwa. Autarki a lokacin watanta 11. Na tabbata an sa wa babban shadda mai sitaci, an sa wa ta tsakiyar leshi mai ƙaiƙayi da sabon takalmin da bai saba da ƙafarta ba, an fita bayan azahar daidai lokacin barcin jaririya. A haka kika sa rai kowa zai dawo yana dariya? Waccan fita ba don yara aka tsara ta ba. Don idon mutane aka tsara ta, don a ce mu ma mun je. Hoton da ƙawarki ta ɗora kuma daƙiƙa ɗaya ce cikin awa huɗu. Ba ta ɗora inda ɗanta ya kwanta a ƙasa yana birgima don an hana shi hawa na uku ba, ba ta ɗora musun da suka yi da mijinta a kan canji ba. In kallon hotunan yana ɓata miki rai, ki rufe nasu na ɗan lokaci, ba zunubi ba ne.

Fita da ƙananan yara, da ƙaramin cikinsu ake auna ta. A gidanki auta ce ma'auni. Yaushe take barci, yaushe take jin yunwa, minti nawa take iya yi a waje kafin ta fara murza ido tana jan hijabinki? Yawancin masu shekarunta awa ɗaya da rabi ne, in ya yi yawa biyu. To tsawon fitarku ke nan, har da tafiya da dawowa in zai yiwu. Wuri ɗaya za ku je, ba uku ba. Ku fita bayan ta tashi daga barcin rana, an yi la'asar, rana ta yi sanyi, ku kasance a gida kafin kiran magariba. Kuma ku tashi tun ana jin daɗi. Wannan shi ne abin da iyaye suka fi kasawa: sun biya, sun sha hanya, sai su ce bari a ƙara minti 30 a ci kuɗin. A cikin minti 30 ɗin nan ne ake kuka, ake mari, ake ɓata. Gara yaro ya shiga mota yana cewa "Abba gobe ma mu dawo" da a ɗauko shi a kafaɗa yana shure-shure.

Ki kuma rage abin da kike zaton yaro yana buƙata. Na taɓa zama a Dandalin Murtala da yamma ina kallon wani magidanci da 'yarsa da ba ta wuce sa'ar ta tsakiyarki ba. Yana jan hannunta zai kai ta can gaba inda ake wasa, ita kuma ta durƙusa ta kafe, ta ga jerin tururuwa sun ɗauko ɓarɓashin cincin suna ja zuwa raminsu. Ya ja, ta ƙi. Da ya gaji sai shi ma ya tsuguna, ya tattare babbar rigarsa a cinya. Ta tsinko ciyawa ta tare musu hanya, suka kewaye, ta kwashe da dariya, ta sake tarewa. Sun fi minti goma a haka, ko kwabo bai kashe ba. 'Yar shekara 4 fili take so ta yi gudu ba a ce mata za ta fasa wani abu ba, da babban da zai kalli abin da take nunawa.

Kin kuma yi sa'ar lokaci. Ruwa ya ɗauke, zafin bazara bai zo ba, daga yanzu zuwa Janairu yamma tana da daɗin zama a waje. Ranar da hazo ya yi kauri dai ku haƙura, musamman in akwai mai asma ko mai yawan mura, in kuma za ku fita a shafe su da mai a sa wa auta hula. Juma'a bayan la'asar ta fi dacewa da gidaje da yawa, tunda galibin Islamiyyu ba sa karatu ranar, kuma tun Disambar 2021 da gwamnatin jiha ta fara tsarin aikin kwana huɗu a mako ma'aikata da dama suka samu sararin Juma'a. Ke kika san aikin maigidanki, ki duba ranar da ba a gajiye yake ba.

Ina za ku je? Don gudu da tsalle, Dandalin Murtala ya isa, fili ne a buɗe da za ki hango yaro daga nesa, wanda shi ne abin da zai kwantar wa maigidanki da hankali. Ki tafi da tabarma da ƙwallo. Akwai lambun Janar Hassan Katsina, wanda kowa ya fi sani da Gamji, mai inuwar bishiyoyi, a can ne ma ƙaramar gadar ƙarfen nan ta Lugard take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 daga baya aka kwaso ta aka kawo Kaduna. Amma ku je a ranar da ba ta biki ba, ku tambayi kuɗin shiga tun kafin ku baro gida don kada a yi jayayya a ƙofa gaban yara. Gamji a bakin kogi yake, kuma a kan kogin Kaduna ba ni da sassauci ko kaɗan. Ba tsoma ƙafa, ba "bari ya ɗan taɓa ruwan". Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarki ba, kuma ba ya ihu, shiru yake tafiya. Ban da haka ruwan rafi da na kududdufi su ne hanyar kamuwa da tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga jikin katantanwa ta shiga ta fata, sai bayan makonni ki ga yaro yana fitsarin jini.

Ga babban kuwa, ɗan shekara 7 ya kai a fara nuna masa garinsu. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah ba shi da nisa da ku. Nan ne gidan Sardauna Ahmadu Bello, nan aka kashe shi a ranar 15 ga Janairun 1966, yanzu kuma cibiyar tarihi ce a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin ku shiga ki ba yaron takardar naira 200 ya riƙe, ki ce ya nemo mai wannan fuskar a cikin hotunan da ke bango. Za ki ga yadda zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga takardar yana gwadawa, in ya gano shi kuma har makaranta sai an ji labari. Haka gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC ta su Sardauna. A can zai ga kawunan yumɓu na Nok masu idanu a huje, waɗanda aka fara tonowa a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin jihar nan, shekarunsu sun haura 2,000. Irin waɗannan wurare minti 40 ya ishe ku, don ta tsakiyar za ta gaji da "kar ki taɓa". Ku fara bincika ranaku da lokacin da suke buɗewa.

Manyan kantunan zamani ban hana ba, akwai sanyi akwai tsafta, amma ki sani duk inda aka jera kayan sayarwa fitar takan koma "Abba saya min", mutumin da aljihunsa ba nauyi kuma zai fito yana jin an tozarta shi gaban 'ya'yansa. Kasuwar baje koli ta hanyar Zariya ma ki bar ta tukuna, cunkosonta irin wanda maigidanki ya gudu daga gare shi ne. Tafiya mai nisa kuwa, irin su Zariya mai kusan kilomita 80 don ganin fadar Zazzau, ko ginin nan na Kajuru da wani Bajamushe ya yi a shekarun 1980, ko ruwan Matsirga a Kafanchan, duk ba na bana ba ne. In auta ta yi wayo, hankalin maigida ya kwanta, Zariya ce ta farko, a fita da sassafe a dawo da rana tsaka, a kuma tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon, ba a dogara da labarin bara ba.

Abin da zai sa maigidanki ya amince, a ganina, ba sunan wurin ba ne, ya ga kin zo da tsarin da zai hana abin da ya faru sake faruwa. Ki zo masa da shi a shirye. Kowane yaro da babban da ke riƙe da shi, an faɗa da baki tun a gida: auta tana bayanki, ta tsakiya tasa ce. In zai je sayen wani abu ko zai amsa waya, sai ya ce "ga ta nan na ba ki", ke kuma ki ce "na karɓa". In bai ji "na karɓa" ba, har yanzu a hannunsa take. Zai zama abin dariya a ranar farko, ku yi dariyar ku ci gaba da yi. Kada kuma a ce wa babban "riƙe ƙanwarka". Mun saba da wannan a gidajenmu, amma ɗan shekara 7 ba mai reno ba ne, da ya ga ƙwallo ya manta da ita, in wani abu ya faru kuma an ɗora masa nauyin da zai daɗe yana ɗauke da shi. In kina da ƙanwa ko 'yar riƙo da ta mallaki hankalinta, ku tafi da ita, hannu uku ya fi biyu.

Kafin ku fita ki ɗauke su hoto a tsakar gida da kayan da ke jikinsu. Wannan hoton ya fi na ɗorawa amfani, don a cikin ruɗewa uwa takan manta kalar rigar da ta sa wa ɗanta da hannunta. Ki sa musu kaya masu haske da za a hango, marasa nauyi, da takalmin da suka saba da shi. Ki rubuta lambar wayarku a 'yar takarda ki sa a aljihu ki maƙale da fil, ko ki rubuta da biro a damtsen ta tsakiyar. Ki koya mata cikakken sunan babanta da sunan unguwarku, don yara da yawa in an tambaye su sunan babansu "Abba" suke cewa. Ki kuma koya musu abu ɗaya: in ba ku gan mu ba, ku tsaya inda kuke, kada ku tafi nemanmu, ku yi wa mace mai goyo ko mai yara magana. Ku riƙa gwadawa a gida kamar wasa, ke ki ɓuya bayan ƙofa ki ga abin da za ta yi. Ki bari maigidanki ya ga kuna wannan wasan.

Jakar fita ba sai ta yi nauyi ba. Su ci abinci su ƙoshi a gida, kowa ya zaga bayi kafin a fita. Ki ɗauki ruwan sha daga gida, da ɗan cincin ko dafaffen dankali ko ayaba, famfas biyu, kayan canji ɗaya na auta da na ta tsakiya, leda, buta, da zanin goyo ko da tana tafiya da ƙafarta. Kada a ba auta gyaɗa ko alawa mai tauri, suna shaƙe yaro, musamman yana tafiya ko yana dariya. Zoɓo da kunun aya na ƙulli da ba ki san ruwan da aka yi su da shi ba, da askirim ɗin da ya narke aka sake daskarar da shi, su ne ke mayar da fitar awa biyu jinyar kwana uku. In an yi rashin sa'a gudawa ta zo, ki fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take, na ƙulli da ake sayarwa a kemis ya fi, in babu ki haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, in yaro ya ƙi sha ko ya yi laushi ku tafi asibiti. Ki kuma duba katin rigakafin auta, akwai allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15, iyaye da yawa suna tsayawa a ta wata 9. A mota duka yaran a baya, ba a cinyar Abba a gaban sitiyari ba, kuma ba a barin yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar ne. In a Keke Napep ne, manya a bakin ƙofa, yara a tsakiya.

Saura Hajiya. Kada ki yi musu da ita, don a kan zamaninta gaskiya ta faɗa. Lokacin da ta yi reno yaro yana fita ƙofar gida ya tarar da fili, ana langa ana gaɗa a dandali, maƙwabta duk iyayensa ne, ba wanda ke buƙatar a sa shi a mota a kai shi inda zai yi gudu. Filayen nan yanzu an gine su, an ja katanga an sa ƙofar ƙarfe, tsoro kuma ya sa ba mai barin ɗansa a waje. Ba sai kin yi mata wannan bayanin ba, ta fi ki sani. Gayyatarta za ki yi. Ki ce, "Hajiya, jikanki ana koya musu Sardauna a makaranta, na ce ai ke ce za ki ba shi labari, da za ki raka mu ya ga gidan." In tana garin nan a 1977, ki sa yaran su tambaye ta hawan dabar da aka yi a Kaduna lokacin bikin al'adun baƙaƙen fata na FESTAC, za ki sha labarin dawaki da 'yan lifida har ki gaji. Tsohuwar da aka ce ita za ta nuna wa jikoki gari ba za ta kira abin yawon banza ba, ɗanta kuma ba zai bar ta ta hau Keke Napep yana da mota a ƙofar gida ba. Ki tanadar mata kujera ko darduma da ruwan alwala, kada a wahalar da ita.

In za ki nema a wurin maigidanki, ki nemi abu ƙarami mai iyaka. Kada ki ce "ka riƙa fita da mu", wannan ba ta da baki ba ta da ƙarshe, kunnensa zai ji kuɗi da cunkoso. Ki ce, "Juma'ar nan bayan la'asar, awa ɗaya, ga wurin, na yi cincin, kafin magariba muna gida." In ya yarda, ke za ki fara cewa a tashi in lokaci ya yi, ko da yara suna roƙo. Ya ga kin cika alkawari sau ɗaya, ta biyu ba za ta yi wuya ba.

In ya ce shi dai ba zai je ba, kada ki mayar da abin yaƙi, kada kuma ki fita a ɓoye. Ki nemi izininsa ki je da 'yar'uwarki ko maƙwabciyar da ya yarda da ita, wuri na kusa, da rana. Ki roƙe shi ya riƙa ɗaukar babban shi kaɗai zuwa Juma'a a masallacin Sultan Bello, ko wurin aski, ko kasuwar Kawo ranar Talata in ana hutu, yaro ɗaya a hannu ba ya ba da tsoro, kuma daga nan ake sabawa. Ko zagayen unguwa da yamma, a tsaya a kalli mai faci yana tsoma tayar a ruwa yana neman inda take tsiyaya, ko injin markaɗe, ko tela yana taka keke, duk fita ce a wurin 'yar shekara 4, ta kuma fi awa uku a kan waya.

Abu ɗaya ne zai sa in sauya duk abin da na faɗa. In hanin bai tsaya a wurin wasa ba, ya kai ga gidan iyayenki, da biki da suna na dangi, da asibiti, to wannan ba tsoron ranar sallah ba ne kaɗai. In haka ne ki sake rubuto min, ki faɗa min tun yaushe abin ya fara, da kuma ko akwai wani babba a danginsa da yake jin nauyinsa.